Borin jini da asma: kurakuran da na gaji da gani a Maradi

Da zarar hunturu ya shigo ƙura ta tashi, sai atishawa da ƙaiƙayin ido da toshewar ƙirji su dawo, a kuma koma kan kurakuran bara.

A fata da hanci da hanyoyin numfashi akwai ƙwayoyin garkuwar jiki da ake kira mastosit, cike suke da sinadarin histamin. In ƙura ko gyaɗa ko harbin ƙudan zuma ya taɓa mai wannan larura, sai ƙwayoyin nan su zubo histamin ɗin, jiki ya yi rudu-rudu. Gaskiya ne a ɗakin bincike an ga sinadarin kersetin, wanda ke cikin albasa da ganyen zogale, yana rage wannan zubowar. Haka ma timokinon na habbatus sauda. Amma aikinsu tsare ƙofa ne kafin ɓarna. Ko kromoglikat, maganin asibiti da aka samo a shekarun 1960 daga binciken wani tsiro da Misirawa suka daɗe suna amfani da shi, rigakafi ne kawai, ba ya buɗe ƙirjin da ya riga ya toshe.

Nan ne kuskuren da ya fi ƙona mini rai. Ɗan ƙanwata asma ta tashi masa cikin dare, aka ajiye Ventoline ɗinsa, maganin shaƙa mai buɗe ƙirji, wai kada ya saba da ita, aka yi ta ɗura masa man habbatus sauda da zuma. Kafin a kai shi asibiti leɓɓansa sun sauya launi. Allah ya yi da sauran kwanansa. Haba jama'a! Yaro na haki ba ya iya ƙarasa magana, kuna neman cokali? A shaƙa masa maganinsa, a nemi mota. In kuma fuska da harshe ne suka kumbura bayan wani abinci ko harbi, allurar adrenalin yake buƙata, kuma ba ta cikin ganye.

Na biyu, garin maganin da ba a faɗi abin da ke cikinsa ba, wanda ake sha yau gobe ƙaiƙayi ya ɗauke ɗif. Ni irin wannan saurin tsoro yake ba ni, don akwai marasa imani da ke dakawa da dezametazon, wani maganin asibiti mai ƙarfi. Sai fuska ta yi ƙiba, suga da hawan jini su biyo baya. Wanda ya daɗe yana sha kada ya yanke rana ɗaya, akwai haɗari. Likita ne zai rage masa a hankali. A gidana, ganyen da ban gane shi da idona ba ba ya shiga tukunya.

Man habbatus sauda shi kansa yana jawo wa wasu ƙuraje, ni nakan ɗiga kaɗan a damtse in jira kwana biyu. Zuma ba a ba jaririn da bai cika shekara ba. Ɗan kabu-kabu kuma, in ka sha klorfeniramin, maganin ƙaiƙayi da atishawa, ka ajiye babur, barci yake sawa.