Yadda na shawo kan tsutsar mangwaro a lambu

Masu lambu a wajen Dadin Kowa sun san wannan: mangwaro ya nuna, bawo lafiya lau, ka yanka ka tarar da fararen tsutsotsi suna motsi. Aikin wani ɗan ƙuda ne mai ɗigon rawaya. Macen ce ke huda bawo ta saka ƙwai, tsutsa ta ci naman, mangwaron ya faɗo, tsutsar kuma ta nutse cikin ƙasa, kafin mako biyu ta fito sabon ƙuda. Shi ya sa feshin bishiya kaɗai ba ya raba ka da shi.

Sai na koma kan wanda ya zube. Kowace safiya a tsince shi tas, har ruɓaɓɓen, a ɗura a baƙar leda mai kauri, a ɗaure bakin, a bar ta a rana mako guda, zafi ya kashe tsutsar. In ya yi yawa, a haƙa rami zurfin rabin mita, a binne a danne. Binnewa sama-sama kiwon ƙudan ne kawai.

Na haɗa da tarko: robar ruwa, a yi mata huda huɗu girman yatsa a kafaɗa, a rataya auduga a ciki wadda aka ɗiga wa methyl eugenol (wani sinadari mai ƙamshi da ke jan ƙudan) da ɗan maganin kwari, a ɗaure a inuwar reshe, kamar mita biyu daga ƙasa. Maza kawai yake ja, don haka ba ya wadatarwa shi kaɗai. Duk wata nake sabunta audugar.

Irin mangwaron da ake kira Kent da Keitt, masu nuna a makare bayan saukar ruwa, sun fi shan wuya. Da sun ƙosa nake tsinke su, su ƙarasa nuna a ɗaki.