Yadda za ka haɗa samfurin hasumiyar igwa mai nutsewa tare da ɗalibanka

Duk malamin aikin ƙarfe ya san wahalar koyar da lissafin daidaita nauyi a allo. Ka zana sanda, ka zana madogara, ka rubuta lambobi, yara su kwafa, ranar jarrabawa su mayar maka da abinka bai taɓa shiga hannunsu ba. Abin da nake amfani da shi a ajina a nan Sakkwato ƙaramin samfuri ne na hasumiyar igwa mai nutsewa, wato wadda ke tasowa daga ƙasa ta yi harbi ta koma ta ɓuya, irin wadda Faransawa suka dasa a sansanonin yaƙinsu daga ƙarshen ƙarni na 19 har zuwa Yaƙin Duniya na Biyu. Kusan dukan kayansa ana samunsu wurin 'yan gwangwan, sauran kuma a Babbar Kasuwa.

Kafin a taɓa guduma, ka fara gaya wa yaran matsalar da ta haifi wannan na'ura, don wanda bai san ciwo ba ba zai gane magani ba. Bayan Jamusawa sun ci Faransa a yaƙin 1870 zuwa 1871, Janar Séré de Rivières ya jagoranci gina jerin sansanoni a iyakar gabas, tun daga 1874. Ginin dutse ne da ƙasa, igwoyi kuma suna zaune a sarari. Ba a jima ba aka fito da harsashi mai tsananin fashewa, gwajin da aka yi a sansanin Malmaison a 1886 kuma ya nuna ginin dutse ba ya jure masa. Dole aka koma kankare, aka kuma nemi hanyar ɓoye igwa ƙarƙashin ƙarfe. Akwai hasumiyar Mougin ta 1876, tana juyawa amma ba ta sauka, kullum a tsaye take ana ganinta. Kyaftin Galopin ne ya kawo wadda ta burge ni, a 1890: igwoyi biyu masu bakin milimita 155 a cikin ganga ta ƙarfe, ta taso daga ƙasa, ta yi harbi, ta koma cikin 'yan daƙiƙoƙi, ba abin da abokin gaba ke gani sai murfi mai doro. Biyar kawai aka ƙera saboda tsada, daga baya aka yi ƙanananta, mai igwoyi biyu na milimita 75 a 1905 da mai igwa ɗaya ta 155 a 1907. Sansanin Douaumont na Verdun yana da irin waɗannan biyun lokacin gumurzun 1916 a Yaƙin Duniya na Ɗaya.

Asirin abin ba ƙarfin inji ba ne. Jigo ne. Duk yaron da ya taɓa zuwa fadamar Rima ya ga, ko ya ji labarin, yadda curin laka a gindin sanda ke ɗaga gugan ruwa, mai ban-ruwa kuma ɗan taɓawa kawai yake yi. A Layin Maginot, jerin sansanonin da Faransa ta kafa a iyakarta ta gabas, wanda aka fara ginawa gadan-gadan a 1930, an dasa hasumiyoyi masu nutsewa 152. Babbar cikinsu, ta milimita 75 ƙirar 1933, faɗinta mita 4 ne, nauyinta gaba ɗaya ya kai tan 265. Duk da haka in wuta ta ɗauke sojoji na iya ɗaga ta da hannu, saboda can a hawan ƙasa akwai ƙaton ƙarfe a kwance bisa madogara, hasumiya a kai ɗaya, tulin nauyi a ɗayan. Wannan ƙarfen shi za ka fara haɗawa, ba murfi ba, ko da yara sun matsa maka su ga igwa.

Ka nemo bokitin fenti na ƙarfe mai lita 20 da murfinsa, shi ne ramin kankare. Babban gwangwanin madarar gari shi ne ɗakin harbi. Kwanon silba da ya ɗan fi gwangwanin faɗi, in ka kife shi, ya zama rufi. Sai bututun ƙarfe na rabin inci wajen santimita 25, da guntun wani bututun da na farko zai shige cikinsa ba tare da girgiza ba, da ƙarfe shimfiɗaɗɗe mai santimita 60, da ƙwallon boris ɗaya, da noti da washa, da ƙaramin gwangwani na zuba yashi. Kada ka yarda da bututun roba. Zafin watan Afrilu a garin nan yana lanƙwasa shi, kuma lanƙwasar da ido ba ya gani ta isa ta tsayar da aikin.

Ka yanka tsaga a tsaye a gefen bokitin, daga ƙasa zuwa kusan rabinsa. A bakin tsagar za ka kafa madogara. Ka huda shimfiɗaɗɗen ƙarfen a santimita 15 daga kai ɗaya, ka zura noti: guntun hannu ya shiga ciki ya kai tsakiyar bokiti daidai, dogon hannu mai santimita 45 ya fito waje. Faransawa a ƙarƙashin ƙasa suka binne nasu, amma mu so muke a gani. A kan guntun hannun ka liƙa ƙwallon boris da walda, a gindin bututun kuma ka liƙa faranti ɗan ƙarami mai santsi. Bututun zai zauna bisa ƙwallon ne kawai, ba a ɗaure shi. Dalili biyu ne. Na farko, hasumiya tana bukatar juyawa ko'ina alhali sandar tana nan inda take. Na biyu shi ne wanda ɗalibai ba sa hangowa: kan sanda ba ya tashi a miƙe, zagaye yake bi, bututun kuwa dole ya tashi a miƙe. In ka ɗaure su tare, ɗaya zai cije ɗaya. Ka daidaita tsayin madogarar yadda sandar za ta kwanta sambal lokacin da hasumiya ke tsakiyar tafiyarta, ta haka zamewar gefe ba za ta kai milimita 2 ba.

Babban bututun shi ke riƙe ƙaramin a tsaye. Ka walda shi a tsakiyar bokiti bisa ƙarafa biyu masu ƙetarawa, ɗaya sama ɗaya ƙasa, ka kuma auna da igiya da dutse kafin ka ƙarasa waldar. Nan ne zan ce a bar ɗalibi mafi haƙuri ya yi, ba mafi sauri ba.

Yanzu lissafi, kuma yaran ne za su yi, ba kai ba. Su haɗa gwangwani da kwano da bututu su kai sikeli. A ce sun samu kilo ɗaya da rabi. Dogon hannu ya ninka guntu sau 3, don haka yashin da ake bukata giram 500 ne. In hasumiya za ta tashi santimita 4, gwangwanin yashi zai sauka santimita 12, sai a ɗora bokitin a bakin tebur don ya samu wurin sauka. Da sun rataya giram 500 ɗin za su ga hasumiya ta yi sama ta ƙi dawowa, wani kuma zai ce, "Malam, lissafin ya yi ƙarya." Ka bar su su nemo dalili. Dogon hannun shi ma yana da nauyinsa, kuma yana taya yashi. In sun gano wannan da kansu, darasin ya zauna. Daga nan a riƙa rage yashi cokali-cokali har yatsa ɗaya ya iya ɗaga ta. Ni nakan bar ɓangaren hasumiya ya ɗan rinjaya kaɗan, yadda in an saki za ta koma ƙasa da kanta, don na'urar da aka yi domin ɓuya gara hutunta ya kasance a ɓoye. Ƙugiya ta wayar keke ta isa ta riƙe ta a sama.

Murfin bokitin ka huda shi yadda gwangwani zai wuce da ratar milimita 2 zuwa 3 a kewaye. Ka kewaye ramin da zobe na ƙarfe, ka zuba siminti a bayansa ya gangara waje. A na gaske wannan zoben ƙarfe ne mai kauri da aka binne cikin kankare don kada harsashi ya shigo ta gefe ya samu jikin hasumiya. In ta sauka, leɓen kwanon ya zauna kan zoben, ramukan igwa kuma su faɗa ƙasa da shi. Igwoyin kwanson biro biyu ne, gajeru, kada su zarce jikin gwangwani, in ba haka ba su hana ta sauka. Abin da ya sa Faransawa suka gajarta bakin igwoyinsu ke nan. Ba na yarda a sa wani abu mai harbi, ko garin ashana ne, kuma ina shawartar ka sanar da shugaban makaranta abin da kuke haɗawa tun daga farko, don halin da yankinmu ke ciki ba ya son a ga yara da abu mai kamar makami ba bayani.

Ratar nan ta milimita 3 ita ce raunin na'urar, a samfuri da a na gaske. In hunturu ya shigo, ƙura na cika ta, giris kuma ya kama ƙurar ya zama kamar laka. Ka shafa giris a ƙwallon boris kaɗai, bututun kuwa a goga masa bakin fensir, sannan a rufe samfurin da ƙyalle in an tashi. Ranar gwaji nakan sa a zuba yashi kaɗan a ratar da gangan, yara su ji da hannunsu yadda take cijewa. Sannan in ba su labarin ƙaramin sansanin La Ferté, a ƙarshen yamma na Layin Maginot. A ranakun 18 da 19 ga Mayu 1940 hasumiyarsa ta cije ba ta koma mazauninta ba, sojojin Jamus suka matso suka ɗana mata nakiya, hayaƙi ya bi hanyoyin ƙarƙashin ƙasa, mutum sama da 100 da ke ciki suka mutu. Ba na tsallake wannan labari, don yaro mai koyon ƙera na'ura ya kamata ya san akwai rayukan mutane a bayan awon da yake yi.

Wanda ke da data ya nemo musu bidiyon sansanin Hackenberg na Layin Maginot ko na sansanin Uxegney kusa da garin Épinal, inda har yanzu ake ɗaga hasumiyoyin ana nuna wa baƙi. Ka nuna musu bayan sun gama nasu, ka ce su nemo madogara da tulin nauyi a ciki su nuna maka da yatsa.