Yadda ake neman maganin ciwon waswasi a Damagaram

A gari irin Damagaram, inda ake sayen ruwa jarka-jarka daga hannun 'yan ga-ruwa, mai ciwon waswasi ba ya daɗewa a ɓoye, domin mutanen gida sukan lura da wanda buta uku ba ta isarsa alwala ɗaya, ko wadda take wanke kwano guda har sau goma. Wani kuma nasa a zuci yake: ya yi ta maimaita niyya har liman ya yi ruku'u, ko wani mummunan tunani game da addini ko iyalinsa ya riƙa faɗo masa alhali yana ƙinsa. Likitoci suna kiran wannan ciwo TOC a faransance, yana kama kusan mutum 2 cikin 100, kuma galibi yana farawa ne kafin shekara 25. Ba hauka ba ne, ba kuma raunin imani ba ne.

Abin da ya kamata a fara yi shi ne a auna nauyin abin. Idan tunanin da maimaicin suna cin fiye da awa ɗaya a yini, ko suna hana mutum karatu, kasuwa ko zaman lafiya da iyali, to lokacin ganin likita ya yi. Kafin a tafi, yana da kyau a ɗauki mako guda ana rubutawa: wane tunani ne yake zuwa, me ake yi don a samu sauƙi, sau nawa, da kuma tsawon lokacin da yake ci. Wannan takarda tana da amfani ƙwarai, domin kunya takan ɗaure harshe a gaban ma'aikacin lafiya, mutum ya ɓige da cewa kansa ne kawai yake ciwo, a sallame shi da maganin ciwon kai.

Ana iya farawa daga CSI, wato ƙaramin asibitin unguwa, a gaya wa majo, babban ma'aikacin jinya na wurin, abin da ake ciki ɓaro-ɓaro, a nemi takardar turawa zuwa sashen lafiyar ƙwaƙwalwa na babban asibitin ƙasa da ke Damagaram. Wanda tunaninsa ya kai ga son halaka kansa kuwa, a kai shi asibiti a ranar, ba sai an jira takarda ba.

Magani iri biyu ne, kuma a tambayi likita dukansu. Na farko horo ne da masanin halayyar ɗan Adam yake yi da majiyyaci, wanda aka fara gwadawa a Ingila a 1966: a sa mutum ya fuskanci abin da yake tsoro kaɗan-kaɗan, sannan ya daure ya ƙi yin abin da waswasin yake umurtarsa. Mai tsoron najasa, misali, zai taɓa marikin ƙofa ya zauna bai wanke hannu ba, zuciyarsa tana bugawa, har damuwar ta sauka da kanta. Gobe a ƙara mataki. Yawanci ana yin zama 12 zuwa 20. Wanda ya karanta Ahalari zai ga abin ba baƙo ba ne, tun da a can ma an ce mai waswasi ya watsar da kokwanto, kada ya kawo abin da yake shakka a kansa, ya yi sujada ba'adi kawai. A ganina, malamin da ya san wannan hukunci babban mataimaki ne ga likita, amma wanda ake komawa wurinsa kullum da tambaya ɗaya yana amsawa, ciyar da ciwon yake yi bai sani ba.

Na biyu ƙwayoyi ne irin su fluoxétine, sertraline ko clomipramine, waɗanda likita kaɗai yake rubutawa, a saya a farmasi. Nan ne mutane da yawa suke karaya, saboda maganin ba ya nuna aikinsa sosai sai bayan mako 8 zuwa 12, kuma sau da yawa sai an ƙara yawansa sannu a hankali. Tashin zuciya ko rashin barci na kwanakin farko yakan wuce. Idan an samu sauƙi ana ci gaba da sha aƙalla shekara guda, ba a kuma yanke shi rana ɗaya, don haka a lissafa kuɗinsa na wata-wata tun farko, a tambayi likita ko akwai mai rahusa. Mai juna biyu ko mai shayarwa ta sanar da likita kafin ya rubuta. Ƙwayoyin sa barci na masu talla, irin su diazépam, ba sa warkar da waswasi, sai dai su ƙara wa mutum jarabar da ba shi da ita.

Iyali ma suna da nasu aikin. Uwa da take ɗebo wa ɗanta ƙarin ruwa, ko mijin da yake rantsewa sau biyar cewa an kulle ƙofa, tausayi ne ya sa su, sai dai hakan yana ƙarfafa ciwon. Ya fi dacewa ɗaya daga cikinsu ya raka majiyyacin asibiti, a shirya tare da likita yadda za a rage wannan taimako mataki-mataki, ba tare da gori ko tsawa ba, a kuma riƙe ranar komawa ko da an ga sauƙi ya fara samuwa.