Yadda ake duba tsohon gogen Italiya kafin a gaskata mai sayarwa

Kada ka fara da takardar sunan maƙeri da ke manne a cikin gogen, wanda Turawa ke kira violin. Antonio Stradivari, shahararren maƙerin goge na birnin Cremona a Italiya, wanda ya rasu a 1737, ya ƙera kayan kiɗa kusan 1,100, waɗanda suka rage kuwa wajen 650 ne. Amma a ƙarni na 19 masana'antun Jamus da Faransa sun yi ta fitar da gogen Turawa dubu-dubu da sunansa a ciki. Takarda ita ce abu mafi sauƙin jabu.

Fara da katako. Fuskar gogen daga icen sifurus ake yin ta, baya da wuya kuma daga icen mafil, tsawon jikin kusan santimita 35.5. Duba siririn layin da ya zagaye bakinsa da gilashin ƙara girma. A aikin gwani sillen katako uku ne, baƙi, fari, baƙi, aka tusa cikin ramin da aka sassaƙa, don su tare tsagewa. Idan ka ga zanen katakon ya ratsa ta cikin layin, to da fenti aka ja shi.

Sai wuya. Yawancin na zamanin Stradivari an sake musu wuya mai ɗan tsawo daga baya, aka dasa tsohon kan a kai, don haka za ka ga alamar haɗi a ƙasan maɗaurin tsirkiya. Rashinta abin zargi ne, amma ganinta ba hujja ba ce, domin 'yan jabu ma suna kwaikwayonta.

Leƙa ciki da ɗan madubin likitan haƙori. Akwai wani tsinken katako mai kauri wajen milimita 6 tsaye tsakanin fuska da baya, 'yan Italiya suna ce masa anima, wato rai. Ba a manne yake ba, matsin tsirkiya a kan jaki, wato ɗan katakon da ke ɗage tsirkiyoyin, shi ne ke riƙe shi. Idan ka sassauta tsirkiyoyi huɗun lokaci guda, yana iya faɗuwa. Tsagewar baya a daidai wurinsa tana karya darajar gogen ƙwarai.

Kada ka shafa wa gogen sinadari mai barasa, banish ɗin, wato shafen da ke sa shi ƙyalli, zai narke. Busasshen ƙyalle ya isa share garin ƙaro. Ajiye shi inda laimar iska take kashi 40 zuwa 60. Iska mai bushewa irin ta hunturu tana ɓalle haɗin gam ko ta tsaga fuskar.

Hukuncin ƙarshe na masana ne. Sukan auna zoben shekarun icen fuskar, wato layukan da itace ke ƙarawa ɗaya kowace shekara, kuma idan zobe na ƙarshe ya faɗa bayan 1737, ba hannun Stradivari ba ne.