Yadda Ake Bin Sawun Hayaƙin Gobarar Daji da Hoton Tauraron Ɗan'adam

Daga watan Nuwamba zuwa Maris, daji yakan ci da wuta tsakanin Garwa da Ngaundere a arewacin Kamaru, musamman kewayen gandun dajin Binuwai, Faro da Bouba Ndjida. Wayar hannu mai intanet ta isa a san inda wutar take da inda hayaƙinta ya nufa.

A fara da shafin FIRMS na hukumar NASA ta Amurka, kyauta ne. Matso da taswirar kan yankinku, zaɓi awa 24 da suka wuce. Kowane jan ɗigo wuri ne da na'ura ta ji zafi. Na'urorin jin zafin da ke kan taurarin ɗan'adam iri biyu ne, VIIRS da MODIS: ɗigon VIIRS na wakiltar fili mai faɗin mita 375, na MODIS kuwa kusan kilomita 1, don haka a fi dogara da VIIRS. Taurarin da ke ɗauke da shi suna ratsawa wajen ƙarfe 1:30 na rana da 1:30 na dare, bayanin kuma yakan fito cikin awa 3. Wutar da mafarauta suka cinna da la'asar ba za ta bayyana ba sai tauraron dare ya wuce, in ma ba ta mutu ba. Ɗigon da ba ya gusawa kullum, kamar a filayen man Doba a Cadi, galibi harshen iskar gas ce ake ƙonawa.

Ɗigo dai bai nuna hayaƙi. Sai a buɗe Worldview, shafin hotunan tauraron ɗan'adam na NASA, a kunna hoton launin zahiri na ranar, a ɗora ɗigon wutar a kai.

A nan ne aka fi yin kuskure, domin lokacin gobara shi ne lokacin hazo. Hayaƙi toka-toka ne mai ɗan shuɗi, yana da kai siriri daidai kan jan ɗigon, wutsiyarsa tana buɗewa yadda iska ta ja ta. Ƙurar hunturu kuwa ruwan ƙasa ce, shimfiɗe kamar tabarma, tana gangarowa daga kwarin Bodele a arewacin Cadi ta bi ta kan Tafkin Cadi zuwa Marwa. Idan sun cakuɗe, a shiga shafin EUMETView a zaɓi Dust RGB, wato hoton gano ƙura na tauraron Meteosat: ƙura takan fito ruwan hoda mai kauri, hayaƙi kuwa da ƙyar ake ganinsa. Hoton yana sabuntuwa kowane minti 15, ana iya jera na awa 3 a ga tafiyar abin da ido.

Saura iska. A Windy, shafin da ke nuna alkibla da gudun iska, duba ta ƙasa, sannan ta matakin 850 hPa, wato kusan mita 1,500 sama, don hayaƙin babbar wuta can yake hawa kuma alkiblar biyun kan sha bamban. Lissafin mai sauƙi ne: wuta tana kilomita 60 a arewa maso gabas da gari, iska na tahowa daga can da gudun kilomita 15 a awa, hayaƙi zai iso cikin awa 4.

Lissafin nan na rana ne. Da dare iska takan kwanta, sanyi ya danne hayaƙi cikin kwarin Binuwai har hantsi, ko da hoton jiya ya nuna sama garau. Masu asma da ƙananan yara a rufe musu taga tun magariba.

Agogon FIRMS, Worldview da EUMETView na GMT ne, a ƙara awa 1 a sami lokacin Kamaru da Cadi.