Yadda ake yin gawayin gona don gyara ƙasa da riƙe iskar kabon

Duk tsiron da ya girma ya zuƙi iskar kabon, wadda yawanta ke ɗumama duniya, daga sararin sama. In aka cinna wa kara wuta bayan girbi, iskar ta koma inda ta fito. In kuwa aka mayar da shi gawayi aka binne a gona, kabon ɗin da ke cikin gawayin yana iya zama a ƙasa ɗaruruwan shekaru. Baƙar ƙasa mai gawayi da mutanen dā suka bari a dajin Amazon na Brazil har yau tana ba da yabanya.

A tara totuwar masara, karan da dabbobi suka rage da rassan sassabe, su bushe ƙayau. Kada a sare itace saboda wannan aiki, ɓarnar ta fi ribar.

A haƙa rami mai siffar mazurari, faɗin bakinsa mita ɗaya da rabi, zurfinsa kamar santimita 70, nesa da rumbu da danga. A hura wuta da ƙirare a gindinsa, a riƙa zuba kara kaɗan-kaɗan. Da farar toka ta fara bayyana a sama, sai a ƙara wani. Harshen wutar da ke bisa shi ke cinye iska, karan da ke ƙasa ya rasa ta ya zama gawayi. Farin hayaƙi mai kauri alama ce an zuba da yawa ko karan da danshi, kuma hayaƙin nan shi ma yana ɗumama duniya. A dakata har wuta ta sake kamawa.

In rami ya cika, a kwarara ruwa har tururi ya daina tashi. Garwashi ɗaya da ya tsira kan iya mayar da aikin toka kafin gari ya waye.

Wurin da aka fi yin kuskure shi ne zuba gawayin tsura a gona. Sabon gawayi yana tsotse abincin shuka, masara ta yi ɗorawa. A farfasa shi yana jiƙe zuwa girman ƙwayar masara, a cuɗa kwando ɗaya da kwando ɗaya na takin dabbobi, a yayyafa ruwa, a rufe mako biyu zuwa huɗu. Shimfiɗa shi a turke ya sha fitsarin dabbobi ma ya wadatar.

Lokacin shuka a sa cikin tafi ɗaya a kowane rami, a gauraya da ƙasa. Jigawa ta fi more shi, don yana riƙe mata danshi da taki. Ƙasa mai kanwa kuwa a ƙyale ta, gawayi ƙara mata kanwa yake yi.