Yadda Za Ka Mallaki Wasannin Noma da Zaman Ƙauye Cikin Rahusa

Akwai wani rukuni na wasannin bidiyo da babu harbe-harbe ko tsere a cikinsa, sai dai noma, kiwo, kamun kifi, gyaran ɗaki da gaisawa da maƙwabta. Tushensa yana komawa ga Harvest Moon, wanda ya fito a Japan a 1996, kuma ya ƙara yin tashe a duniya lokacin da wani matashi ɗan Amurka, Eric Barone, ya fitar da Stardew Valley a watan Fabrairun 2016, bayan ya shafe shekaru fiye da huɗu yana haɗa shi shi kaɗai, tun daga zane har zuwa kiɗa. Daga nan Animal Crossing: New Horizons ya biyo baya a ranar 20 ga Maris, 2020, daidai lokacin da annobar korona ta tsare mutane a gidajensu. Da yake da dala ake sayar da mafi yawan waɗannan wasanni, wanda bai san hanya ba yakan biya cikakken farashi a kan abin da zai iya samu da rabin kuɗin, ko kuma ya ruga wa na kyauta wanda daga baya zai cinye masa data fiye da kuɗin da ya guje wa biya.

Matakin farko shi ne ka duba na'urar da ke hannunka da yanayin wuta da intanet a inda kake zaune, tun kafin ka kalli farashi. Idan waya ce kawai ko tsohuwar laftof, Stardew Valley ne ya fi dacewa, domin girmansa bai kai gigabayit ɗaya ba, kuma kwamfuta mai RAM gigabayit 2 za ta ɗauke shi. Farashinsa dala 14.99 ne a kwamfuta, dala 4.99 a waya, babu talla a ciki, babu wani abu da za a ce ka ƙara saya, kuma duk ƙarin da Barone ya yi masa a tsawon shekaru, har da babban sabuntawa na 1.6 da ya fito a Maris 2024, kyauta ya bayar da su. Da zarar ka sauke shi ba ka buƙatar intanet sai idan za ka yi wasa da abokai, kuma a kwamfuta mutum 8 na iya haɗuwa a gona guda. Sai dai akwai abin da ya kamata mai fama da ɗaukewar wuta ya sani: a kwamfuta wasan ba ya adana aikinka sai lokacin da manominka ya kwanta barci, kuma yini guda na cikin wasan yakan ɗauki kimanin minti 14 idan ka kai shi ƙarshe. Idan aka ɗauke wuta kana tsakiyar yini, duk ban ruwa da haƙar ma'adinan da ka yi tun safe sun tafi. Saboda haka a laftof mai lafiyayyen batiri ya fi daɗi, ko a waya, inda aka tanadi hanyar ci gaba daga inda aka tsaya.

Wanda ya zaɓi Stardew Valley ya tuna cewa kowane yanayi na shekara kwana 28 ne, kuma yawancin shuka na mutuwa ne da zarar yanayin ya juya. Farin kabeji yana buƙatar kwana 12 kafin ya nuna, don haka shuka shi a ƙarshen yanayin farko asarar iri ce kawai. Shagon Pierre, inda ake sayen iri, yana rufe ranar Laraba a farkon wasan, kuma duk wanda ƙarfe biyu na dare ya riska a waje zai faɗi a sume, ya farka da ƙarancin kuɗi a aljihu. Waɗannan ƙananan dokoki ne suke sa wasan ya zama abin tsarawa, kuma su ne daɗinsa.

Palia yana da wani tsari dabam, kuma a kansa ne ake yawan yin kuskuren lissafi. Kamfanin Singularity 6 ne ya fitar da shi a 2023, kyauta ne a kwamfuta da na'urar wasa ta Nintendo Switch, daga baya kuma ya isa PlayStation 5 da Xbox. A cikinsa kana zaune ne kusa da ƙauyen Kilima tare da wasu mutane na gaske daga sassan duniya, kuna kamun kifi, girki, farauta da sassaƙar kujeru, kuma akwai wasu bishiyoyi masu walƙiya da manyansu ke warkewa idan mutum ɗaya ne yake sararsu, sai an taru a kansu sannan kowa ya samu rabonsa. Kuɗi na shiga ne wajen sayen tufafi da kayan ado, waɗanda ba dole ba ne. Amma Palia ba ya buɗewa sam idan babu intanet, yana buƙatar kwamfuta mai ƙarfin nuna hoto, kuma yakan zo da sabuntawa masu nauyi da dole ka sauke kafin a bar ka ka shiga. Araha dai ba ta ado: ga wanda yake sayen data kaɗan-kaɗan, wata uku na wannan wasan kyauta na iya zarce dala biyar ɗin da zai biya wa Stardew Valley na waya sau ɗaya ya huta. Wanda kuwa yake da intanet na gida ko na wurin aiki marar iyaka, Palia ne mafi kyawun abin da zai fara gwadawa idan yana son wasa cikin jama'a.

The Sims 4 ma, wasan kwaikwayon rayuwar yau da kullum, ya zama kyauta tun watan Oktoban 2022, sai dai ainihin wasan kaɗai aka bayar. Ƙare-ƙaren da ke kawo damina da hunturu, dabbobin gida, jami'a ko rayuwar karkara duk na kuɗi ne, kuma suna da yawa ƙwarai, har wanda ya ce zai tara su duka zai kashe ɗaruruwan daloli. Shawarata ita ce mutum ya yi mako biyu ko uku da na kyautar, ya gane abin da yake ji ya rasa, sannan ya jira rangwame ya sayi ƙari guda. Animal Crossing: New Horizons kuwa sai mai Nintendo Switch, kuma Nintendo ba ta cika rage farashin wasanninta ba, don haka hanya mafi sauƙi ita ce sayen katinsa na hannu daga wanda ya gama da shi. Wasan yana tafiya ne da agogon gaske, idan dare ne a garinku dare ne a tsibirin, kuma bashin gidan da Tom Nook, ɗan kasuwar cikin wasan, yake ba ka babu kuɗin ruwa a kansa, babu ranar biya. Ziyartar tsibirin aboki ta intanet kuwa sai da rajistar Nintendo Switch Online, wadda ita ma ta kuɗi ce.

Bayan ka tsayar da wasan da ya dace da kai, sai batun farashi, kuma a nan haƙuri ne jari. Ka buɗe asusu a Steam, shagon sayar da wasannin kwamfuta ta intanet, ka nemo wasan, ka danna maɓallin da ke saka shi cikin Wishlist, wato jerin abubuwan da kake muradi. Idan aka rage farashinsa da kashi 20 cikin ɗari ko fiye, akan aiko maka da saƙon imel. Steam na yin babban rangwame sau huɗu a shekara, kuma mafiya girma su ne na ƙarshen watan Yuni da na rabin ƙarshe na Disamba wanda ke tsallakawa zuwa farkon Janairu. Kafin ka biya, ka leƙa shafin SteamDB ko IsThereAnyDeal, inda ake ajiye tarihin farashin kowane wasa. Idan ka ga an rage kashi 20 cikin ɗari alhali a baya an sha rage kashi 40 ko 50, ka san cewa jiran wasu makonni zai amfane ka, domin wasan da aka taɓa ragewa da wuya a ƙi sake rage shi. IsThereAnyDeal yana da wata fa'ida, wato shagunan da ke da izinin sayarwa kaɗai yake lissafawa, irin su Humble Bundle, Fanatical da GOG. Shi GOG ya cancanci a ambace shi daban, saboda yana ba ka fayil ɗin girka wasan ka ajiye a filash, ka girka shi duk lokacin da ka so ba tare da intanet ba, kuma Stardew Valley na cikin abin da yake sayarwa.

Kafin saye ma akwai hanyar ɗanɗanawa. Sau uku a shekara, a Fabrairu, Yuni da Oktoba, ana yin Steam Next Fest, inda masu haɗa wasanni ke sakin gutsuren sababbin ayyukansu kyauta na tsawon mako guda, kuma wasannin noma da zaman ƙauye kan cika wurin. Idan kuma ka riga ka saya ka ga kwamfutarka ba ta ɗauka, Steam na mayar da kuɗi matuƙar ba a wuce kwana 14 da saye ba kuma ba ka yi wasan ya kai awa biyu ba. Saboda haka ka gwada wasa a ranar da ka saye shi, kana duba agogo, kada ka bar shi a buɗe ka tafi masallaci ko kasuwa, domin lokacin yana ci gaba da ƙirguwa.

Kyautar da ta fi tabbas ita ce ta Epic Games Store, wanda ya fara rabon wasanni tun Disamban 2018. Kowace Alhamis, da misalin ƙarfe huɗu ko biyar na yamma agogon Najeriya da Nijar, ana sauya wasan da ake bayarwa, a ƙarshen Disamba kuma akan yi rabon kullum na kusan mako biyu. Abin lura shi ne ba sai ka sauke wasan ba kafin ya zama naka. Ka shiga asusunka ko da ta burauzar waya ce, ka danna karɓa, ka tabbatar farashin ya nuna sifili, shi ke nan ya shiga rumbunka, ka sauke shi ranar da ka samu data ko kwamfutar da za ta ɗauka. Ba kowane mako ne ake samun irin wasannin da muke magana a kai ba, amma wanda ya mayar da leƙawar Alhamis al'ada zai tara abin da ba zai iya gamawa ba.

Inda ake rabon kyauta kuwa ba a rasa 'yan damfara. Saƙon da ya zo maka ta WhatsApp, Telegram ko Discord cewa ka ci kyautar wasa ko katin Steam, ka danna wani adireshi ka shigar da sunanka da kalmar sirri, tarko ne, ko da kuwa daga asusun abokinka ya fito, domin sau da yawa nasa aka fara sacewa. Ka rubuta adireshin shagon da hannunka, ka kunna Steam Guard, tsarin tsaron asusun Steam, a wayarka, kuma kada ka taɓa bai wa kowa lambar da yake nuna maka. Haka kuma ka guji masu sayar da asusun da aka riga aka cika da wasanni a farashi mai rahusa, saboda mai asusun na asali na iya ƙwace abinsa ko yaushe. Amfani da VPN don ka nuna kana wata ƙasa mai arha ya saɓa wa ƙa'idar Steam, kuma yana iya jawo a taƙaita asusunka. Wajen biya, ka fara tambayar bankinka ko katinka yana aiki a shafukan ƙasashen waje da kuma iyakar dalar da aka yarda ka kashe, tun kafin ranar ƙarshe ta rangwame ta zo kana ta gwada kati yana ƙi.

Don tattalin data, ka shiga saitin saukewa na Steam ka ƙayyade awannin da aka yarda a yi sabuntawa, ka daidaita su da lokacin datar dare da kamfanonin waya ke sayarwa da sauƙi, in ba haka ba manhajar za ta fara jan gigabayit da zarar ka haɗa kwamfuta da wayarka. Idan kuma ku da yawa ne a gida ɗaya, tsarin Steam Families yana bai wa mutum 6 damar amfani da rumbun juna, sai dai kwafi ɗaya mutum ɗaya ne zai buɗe shi a lokaci guda.

Iyayen da za su saya wa yara su san cewa natsuwar wasa ba ta nufin komai na cikinsa ya dace da tarbiyyar gidansu. A Stardew Valley akwai mashaya a tsakiyar gari, ana iya sarrafa 'ya'yan itace su zama giya, akwai kiwon alade da gidan caca a cikin hamada, kuma ana neman aure ba tare da an bambanta jinsi ba, ko da yake babu wanda aka tilasta wa mai wasa a cikinsu. The Sims 4 an ware shi ne ga 'yan shekara 13 zuwa sama saboda harkar soyayya da ke ciki, Palia kuma yana da wurin hira da baƙi. Animal Crossing ne ya fi sauƙi ga ƙananan yara. A wasannin waya na kyauta irin su Hay Day, wanda Supercell ya fitar a 2012, haɗarin yana wajen sayen lu'ulu'u don gaggauta girbi, don haka ka shiga saitin Play Store ka sa a riƙa neman kalmar sirri kafin kowane saye, kuma kada ka bar katin bankinka a maƙale da wayar da yaro yake riƙewa.